Keke Na Gudu, Aljihu Ba Nauyi: Ina Ribar Ɗinki Take Maƙalewa, Kuma Buɗe Aji Zai Fitar da Mai Sana'a?

Duk lokacin da aka tayar da zancen rashin aikin yi, shawarar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce a koyi sana'ar hannu, kuma ɗinki ne kan gaba. A Facebook da Instagram da TikTok kullum sai an ci karo da bidiyon wata ta haɗa jaka cikin daƙiƙa talatin, a ƙasa an rubuta cewa keke ɗaya a lungun ɗaki ya isa mutum ya tsaya da ƙafarsa. Kwanan nan kuma an ƙara wani salo: in ciniki ya yi sanyi, a buɗe aji a riƙa koyar da wasu. To, me ya sa ake samun masu hannu, waɗanda ɗinkinsu ba shi da makusa, suna wuni a kan keke, aiki ba ya yankewa, amma wata ya ƙare ba su da abin nunawa? Ajin koyarwar kuma, mafita ce ta gaske ko rainon abokan gasa ne da hannunka?

Amsar tambayoyin biyu tana wuri guda. Abin da mai ɗinki take sayarwa a zahiri shi ne lokacinta, lokacin kuma ƙidayayye ne. Yawancin asarar da ake yi a wannan sana'a daga rashin sa wa awa farashi take fitowa.

Sana'o'i uku ne a ƙarƙashin suna ɗaya

In an ce "sana'ar ɗinki", ana haɗa abubuwa uku da lissafinsu ya sha bamban.

Na farko ɗinkin oda ne: mai kaya ya kawo yadi ko ya zaɓa, a auna shi, a ɗinka masa shi kaɗai. Jarinsa kaɗan ne, amma kowane aiki sabo ne, ga awo, ga gwaji, ga gyara. Na biyu shi ne ɗinka kaya a ajiye kafin mai saye ya zo, kamar jakunkuna, rigunan filo, zanen gado, kayan jarirai da 'yan jakunkunan kayan kwalliya. Wannan yana cin jari tun farko, kuma kaya na iya kwantai, sai dai shi ne yake ba da damar yin abu ɗaya sau ashirin har hannu ya yi sauri. Na uku koyarwa ce, wadda ba yadi take sayarwa ba, iyawa take sayarwa.

Ita kanta kalmar "aikin hannu" akwai ja-in-ja a kanta. Ba a nufin allura da zare kaɗai. Wanda ya yanka ya ɗinka da keke a ƙaramin wurinsa, aikin hannu ya yi. Rigimar tana tasowa ne in an sari kayan masana'anta aka liƙa musu suna. Kasuwar intanet ta Etsy, wadda aka kafa a Amurka a 2005 domin masu irin wannan sana'a, ta sassauta dokarta a 2013 ta ba masu sayarwa damar amfani da masana'antu na waje, abin da ya harzuƙa da yawa daga cikin masu yi da hannunsu. A 2024 ta fito da alamomin da ke bambance abin da mai sayarwa ya yi da kansa da wanda ya zana kawai ko ya samo daga wani wuri.

Me ya sa ba a gasar araha da masana'anta

Tun farkon fitowar keken ɗinki ake wannan kokawa. A 1830 wani tela a Faransa, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar kekensa, ya buɗe wurin ɗinka kakin soja, shekara na zagayowa teloli suka far wa wurin suka farfasa kekunan don tsoron rasa abinci. Elias Howe ya yi rajistar nasa a Amurka a 1846, Isaac Singer ya biyo a 1851. Rigar da ake shafe kusan awa 14 ana ɗinka ta da hannu ta dawo awa ɗaya da 'yan mintuna.

Yau ma tazarar tana nan, ta sauya kama ne kawai. Keken gida ba ya cika wuce ɗinki 800 zuwa 1,000 a minti, na masana'anta yana kaiwa 5,000 ko fiye. A can kuma ana shimfiɗa yadi hawa-hawa a yanke gaba ɗaya, mutum guda wuya kawai yake ɗorawa daga safe zuwa yamma, yadin ma a farashin da ƙaramar mai sana'a ba za ta taɓa samu ba aka saye shi. Wadda ta ce sai ta sayar da nata daidai da kuɗin na masana'anta, daga ladan hannunta take cike giɓin. Filin da ya rage mata shi ne abin da masana'anta ba ta iya yi: awo daidai jikin mutum, zaɓin launi, sa suna, ƙarko, gyara in an samu matsala, da kaya 'yan kaɗan da ba kowa ke da irinsu ba.

Yadda ake fitar da farashi

Dabarar da ta fi yaɗuwa a tsakanin masu farawa ita ce a ninka kuɗin kayan aiki sau biyu. Tana da sauƙi, kuma ita ce take kashe jari a hankali, domin ba ta san da zaman lokaci ba. Lambobin da za su biyo baya misali ne, ba kuɗin wata ƙasa ba ne. Kowa ya cire ya sa nasa.

Farashi yana da ƙafa huɗu. Ta farko kayan aiki: yadi, shafi, zare, zif, maɓalli, gam ɗin da ake mannawa da guga, lakabin suna, har ledar da za a sa kayan a ciki. A ƙara kashi 10 cikin 100 a kai saboda ɓarna, domin ba yankan da ba ya barin ƙyallaye.

Ta biyu ladan hannu, kuma nan ne ake yin kuskure mafi tsada. A ce mai ɗinki tana buƙatar 500 a mako don ta rayu, tana kuma aiki awa 40. In ta raba, za ta ce awarta 12.5 ce. Amma ba duk awa 40 ɗin take kan keke ba. Akwai sayo kaya, amsa saƙonni, ɗaukar hoto, kai kaya, rubuta lissafi, share wuri. In awa 25 ce kawai take ainihin yanka da ɗinki da guga, to waɗannan 25 ɗin ne za su ɗauki nauyin makon duka, awa ta zama 20. Ba a sanin wannan da ƙiyasi. A ajiye agogo kusa, a rubuta lokacin farawa da gamawa na mako biyu, sakamakon yakan ba mutum mamaki.

Ta uku kuɗin gudanar da wuri: wuta, haya, kuɗin waya da intanet, allurai, man keke, gyara, da tsufan keken kansa. Keken da aka saya 1,200 ana sa ran ya yi shekara biyar, yana cin 20 kowane wata ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. In jimillar waɗannan ta kai 400 a wata, ana kuma fitar da kaya 40, kowane ɗaya ya ɗauki 10.

Ta huɗu riba, wadda daban take da ladan hannu. Lada na mai ɗinki ne, riba ta sana'ar ce, da ita ake sayen keke na biyu ko a jure watan da ba ciniki.

Ɗauki jakar yadi mai shafi. Kayan aiki 30, aikin awa ɗaya da rabi 30, kuɗin wuri 10, jimilla 70. A ɗora ribar kashi 20 cikin 100, farashi ya zama 84. Mai ninkawa sau biyu kuwa 60 za ta sayar, ƙasa da abin da jakar ta ci. Abin ya fi muni a aikin da kayansa ke da araha amma yake cin lokaci, kamar surfani ko haɗa ƙananan ƙyallaye: kayan 10, aikin awa huɗu, a sayar 20.

Akwai wani tarko kuma wajen ba masu shago kaya su sayar su cire kamasho. A ce shagon zai ɗauki kashi 40 cikin 100. Da yawa sukan ƙara kashi 40 a kan 84, su sa 118. In shagon ya cire nasa, abin da zai dawo bai kai 71 ba, riba ta tafi kenan. Daidai shi ne a raba 84 da 0.6, wato a sa 140. Haka lissafin yake da kasuwannin intanet: a watan Afrilun 2022 Etsy ta ɗaga kason da take cirewa daga kashi 5 zuwa 6.5 cikin 100, dubban masu sayarwa suka rufe shagunansu na mako guda don nuna fushi, kuma wannan kason ban da kuɗin saka kaya da na karɓar biya. Masu sari su ma sukan nemi rabin farashin ɗai-ɗai. Kayan da ba zai iya jure wannan ragi ba, kada a kai shi sari.

In farashin gaskiya ya fi abin da masu saye za su biya fa? Hanya uku ce: a rage lokacin aiki, a nemi wasu masu saye, ko a daina yin wannan kayan. Rage lokaci yana samuwa ne ta yin aiki rukuni-rukuni. A yanke jaka goma a zama ɗaya, a manna gam duka, a ɗinka hannuwa ashirin a jere ba tare da yanke zare tsakaninsu ba, a tara masu launi ɗaya don kada a yi ta sauya zare. In minti 90 ya dawo 60, kuɗin da jaka ta ci ya sauko daga 70 zuwa 60 ba tare da an taɓa ingancinta ba.

Teburin yanka

Kafin a kai ga keke an riga an ci riba ko an zubar da ita. Yadi yana zuwa da faɗi daban-daban, waɗanda aka fi gani su ne santimita 110 zuwa 115 da kuma 150, kuma yadi ɗaya na awo santimita 91.4 ne, bai kai mita ba. Jaka mai faɗin 38 da tsayin 42 tana buƙatar falle biyu na 40 da 44, an bar santimita ɗaya kowane gefe don haɗi, da hannuwa biyu na 10 da 50. A mita ɗaya mai faɗin 110, falle biyu ne ke jeruwa a layi, jaka biyu za ta fita. A mai faɗin 150 falle uku ke jeruwa, layi biyu ya ba da shida, ragowar santimita 30 na gefe ya ba da hannuwa shida cif, jaka uku kenan. Don haka yadi mai faɗi ko ya fi tsada da kashi ɗaya cikin uku, shi ne mai araha.

Auduga takan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko. A riga mai tsayin mita ɗaya, santimita uku zuwa biyar kenan, kuma in shafi da yadin waje ba su tsuke daidai ba, kayan zai yamutse har abada. A wanke, a shanya, a goge kafin a sa almakashi. Don gane ko yadi yana zuba, a jiƙa farin ƙyalle a goga a gefensa. A kuma yanka bisa tsayin saƙa, layi ɗaya da bakin yadin. Abin da aka yanka a karkace yakan murɗe bayan wanki, ɗinkin gefe ya dawo gaba.

Duk abin da za a yi fiye da sau ɗaya a yi masa samfuri da kwali mai kauri, a rubuta a jiki sunansa, yawan fallen da za a yanka da girman haɗi.

Abin da ake ɗora wa keke alhali ba laifinsa ba ne

Mafi yawan "keke ya lalace" allura ce ko sa zare. Allura tana da lamba biyu a jiki, ta farko kaurinta ne: 80 na nufin milimita 0.8. Yadi mara nauyi yana son 70/10, audugar yau da kullum 80/12, mai ɗan kauri 90/14, jins da tamfol 100/16 zuwa sama. Yadi mai talewa yana buƙatar allura mai dunƙulallen baki wadda ke ratsa tsakanin zaruruwa, in ba haka ba keke ya riƙa tsallake ɗinki. A sauya allura bayan kimanin awa takwas na aiki. Wadda ta dakushe tana yin ƙara tana buga yadi, tana jan zare, kuma ita ce abu mafi araha a duk wurin.

In zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, kowa sai ya nufi bobin, wato ɗan kwarkwaron zaren ƙasa. Galibi matsalar a sama take: an sa zaren sama alhali ƙafar da ke danne yadi tana ƙasa, faya-fayan da ke matse zare suna rufe, zaren bai shiga tsakaninsu ba. A ɗaga ƙafar, a zare shi gaba ɗaya, a sake sawa daga farko. Tazarar ɗinki ta yau da kullum milimita 2.5 ce, ɗinkin ado na sama 3 zuwa 3.5, na riƙo da za a farke 4 zuwa 5. A riƙa share ƙurar auduga daga haƙoran keke da gidan bobin da ɗan buroshi, kuma man keke kaɗai ake ɗigawa, mai mai kauri yana daskarewa ya riƙe ƙarafa.

Wurin da kaya ke fara mutuwa sananne ne: bakin aljihu, gindin hannun jaka, ƙarshen zif. Hannun jaka a ɗinke shi da murabba'i mai giciye a tsakiya. Guga kuma bayan kowane haɗi ake yi, ba sai an gama ba. Wannan kaɗai ya isa ya bambanta aikin gwani da na ɗan koyo ko da keke ɗaya suka hau.

Oda, bashi da doka

Kada a taɓa almakashi sai an karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kayan aiki, galibi rabin farashi. A rubuta awo, salo, ranar karɓa da adadin gyaran da ke cikin kuɗin, a aika wa mai kaya ya amsa. Ranar da za a faɗa a ƙara mata kwana biyu ko uku a kan abin da ake tsammani. Sunan da ya fi bin teloli a ko'ina shi ne saɓa alkawari, tushensa kuma ba ƙarya ba ce, karɓar aikin awa 60 ne a makon da ke da awa 25. Kuɗin sana'a a raba shi da na cefane, ko da gwangwani biyu ne.

Abu biyu na doka da masu farawa ke takawa ba su sani ba. Tambarin kamfani da hoton 'yan wasan katun mallakar wasu ne, kasuwannin intanet suna sauke kayan da aka sa musu su ba izini. Kayan yara kuma suna da ƙa'idojin kariya: a Tarayyar Turai an hana igiyar zuge a wuya ko hular rigar yaran da ba su kai shekara bakwai ba saboda shaƙewa, Amurka ma tana da irin wannan hani. Ko a inda ba doka, maɓalli da duwatsun ado a kayan jariri haɗari ne.

Lissafin aji

Abin da ke jan mutane zuwa koyarwa gaskiya ne: a ɗinki awa ɗaya mutum ɗaya ake sayar wa, a aji ana sayar da ita ga mutum shida lokaci guda. Sai dai ajin awa uku ba awa uku yake ci ba. Akwai yanke kayan ɗalibai, gwada kowane keke, shirya wuri, tattarawa bayan an tashi, a ce awa biyu. Awa biyar kenan da aka janye daga ɗinki, waɗanda a lissafinmu na baya sun kai 100.

A ce kowace ɗaliba tana biyan 40, kayan aikinta na cin 12, wuri da wuta da wahalar kekuna 40 ne ko mutum nawa suka zo. In shida suka zo, 240 ta shigo, 72 da 40 suka fita, saura 128, ya fi zaman ɗinki. In uku suka zo, saura 44, awa ba ta kai 9 ba. Sai an samu biyar ake yin kunnen doki da ɗinki. Wannan adadin, wato mafi ƙarancin ɗaliban da aji zai tashi da su, shi ne abin da ya kamata a fara fitarwa kafin a yi talla, a kuma faɗa tun farko cewa in ba a cika ba za a ɗage. Kujerar da aka yi alkawari ba a biya ba, a ɗauke ta babu kowa.

To me zai hana a tara goma sha biyu? Ido ne. Malama ɗaya ba ta iya lura da sababbin hannu fiye da huɗu zuwa shida a kan keke, domin zare yana tsinkewa nan, allura ta karye can, wata ta ɗinke falle a juye. A ɗinkin allura da zare ko surfani ana iya kaiwa takwas ko goma, jarinsa kuma bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ya fi dacewa da wadda ba ta da kekuna da yawa. Zaman mutum uku a keke ɗaya yana nufin kowa ta biya awa uku ta samu ɗaya.

Iya ɗinki daban, iya koyarwa daban

Gwanaye da yawa ba su iya koyarwa ba, saboda hannunsu yana yin abubuwan da bakinsu ya manta yadda ake faɗa. Alamar farko ita ce karɓe aikin daga hannun ɗaliba "bari in nuna miki", har a gama mata. Ta tafi gida da kaya mai kyau, ba ta koyi komai ba.

Darasin farko na awa uku yana iya tafiya haka. Minti 20 na sassan keke da kariya: yatsu nesa da allura, a kashe wuta ko a ɗauke ƙafa kafin sauya allura, ba a riƙe fil a baki, dutsen guga yana da wurinsa shi kaɗai. Minti 20 na sa zare da naɗa bobin, kowa ta yi sau uku da hannunta. Minti 20 na bin layi a kan takarda ba zare, don ƙafa ta saba da gudu, ido kuma ya koyi kallon gefen yadi maimakon allura. Minti 20 a kan ƙyalle: miƙaƙƙen layi, juya kwana da allura a ƙasa, da ɗan komawa baya a farko da ƙarshe don kulle ɗinki. Sauran lokacin na aiki ne.

Aikin farko ya zama wanda za a gama a ranar. Rigar filo mai girman 40 da 40 wadda ba ta da zif ta dace: falle ɗaya mai faɗin 42 da tsayin 96, a kalmashe gajerun bakuna biyu da santimita ɗaya sau biyu, a naɗo su ciki su hau juna da santimita 12, fuskar yadin tana ciki, a ɗinke gefe biyu, a juya. Layi huɗu ne miƙaƙƙu. Abin da malama ke yi a minti 20, a ba sabon hannu sa'a ɗaya ko fiye. A zo da kayan a yanke, domin yanka darasi ne mai zaman kansa, a kuma tanadi allurai da abin farke ɗinki fiye da yadda ake zato. In ɗalibai za su zo da kekunansu, a san cewa rabin awar farko gyaran keke za a yi. Yara kuwa sai da yardar iyaye, a rage yawansu, a sa kariyar yatsa a keken.

Shin koyarwa rainon abokan gasa ne?

Masu wannan tsoro suna da hujja. Wadda ta koyi jaka a aji takan koma gida ta fara sayarwa da rabin farashi, don ba ta biyan haya kuma ba ta ƙirga lokacinta. Ko ba ta daɗe ba, ta riga ta saba wa masu saye da farashin da ba ya ɗorewa, wata kuma za ta maye gurbinta.

Ɗaya ɓangaren suna cewa galibin masu zuwa gajeren aji ba kasuwa suka nufa ba, so suke su gyara kayansu, su ɗinka wa 'ya'yansu, ko su samu abin yi da hannu. Wadda ta sha wahalar sa zif sau ɗaya ba ta ƙara raina kuɗin jaka. Su ne kuma masu sayen yankakkun kaya, samfuri da darasi na gaba. Kamfanin Singer ya gane wannan tun da daɗewa: ya fara sayar da keke biya-kaɗan-kaɗan a 1856, daga baya ya buɗe cibiyoyin koyar da ɗinki, domin wanda ya iya shi ne mai saye. Sannan sa zif da kalmasa ba sirri ba ne, suna nan kyauta a YouTube. Abin da ake biya a aji shi ne idon da zai ga kuskure a lokacin da ake yin sa.

A ganina ɓangare na biyu ya fi ƙarfi, da sharaɗi biyu. Kayan da ya fi kawo wa mai sana'a kuɗi, wanda ita ta ƙirƙiro samfurinsa, kada ya zama aikin aji. Duk ajin da aka tallata da sunan koyon sana'a kuma, a sa darasin fitar da farashi a ciki, domin ɗalibar da ta san awarta tana da kuɗi ba za ta karya kasuwa ba.

A nan ne ya kamata a raba gajeren aji da zaman koyon sana'a na watanni ko shekaru. Na biyun yana buƙatar yarjejeniya a rubuce: tsawon lokaci, abin da za a koya a kowane mataki, yaushe mai koyo zai fara taɓa yadin masu kaya, da ko za a riƙa ba shi wani abu in aikinsa ya fara shiga kasuwa. In babu wannan, mai koyo yakan shekara yana guga da aike, mai koyarwa kuma ya wayi gari an tafi masa da masu kawo aiki.

Mai neman aji ita ma tana da abin tambaya kafin ta biya: mutum nawa ne a keke ɗaya, awa nawa za ta yi tana ɗinki da hannunta, me za ta gama ta tafi da shi, kuma kayan aiki na cikin kuɗin ko a'a. Tallan da ya ce za a zama tela cikin mako biyu, jaka da rigar filo yake nufi. Yankan rigar da za ta zauna a jikin mutum yana ɗaukar watanni ana ɓata yadi. Mai koyarwa kuma ta duba littafin odarta na shekara, ta ga watannin da aiki ke ja baya, ta sa azuzuwanta a nan. A lokacin da oda ta yi yawa, awa biyar ɗin da aji ke ci ita ce ke jawo saɓa alkawari.